Yawan ajiyar zuciya: kurakuran da ke hana numfashi daidaita

Mai cikakkiyar lafiya yakan yi ajiyar zuciya kusan sau 12 a awa ɗaya bai ma sani ba. Amfaninta shi ne sake buɗe ƙananan buhunan iska na cikin huhu da suka motse. A 2016 masu bincike na jami'o'in UCLA da Stanford a Amurka sun gano ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke ba da wannan umarni, a gwajin da suka yi da ɓeraye. Abin yana zama ciwo ne idan mutum ya riƙa jin numfashinsa bai kai ƙasa ba, yana ta jan iska ko hamma kusan kowane minti, yana neman wanda zai cika masa ƙirji.

Babban kuskure shi ne biye wa wannan neman. Kowane dogon numfashi yana fitar da iskar kabon dayokzayid fiye da kima, kuma idan ta ragu a jini jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sukan tsuke. Daga nan jiri ke zuwa, yatsu da leɓɓa su yi kamar ana tsira musu allura, ƙirji ya ɗaure. Mutum ya ga haka sai ya ɗauka iska ce ta yi masa kaɗan, ya ƙara ja, alhali in an auna oksijin ɗin jininsa lafiya lau yake. Kamar susar ƙaiƙayi ne, daɗin na ɗan lokaci ne, kuma susar ce ke dawo da shi.

Gyaran yana da wuya a farko. In abin ya taso, ka rufe baki, ka haɗiye yawu ko ka kurɓi ruwa, sannan ka saki iska a hankali ta hanci, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Na cikin ne ya kamata ya motsa, kafaɗu su zauna lafiya. Za ka ji kamar iskar ba ta isa ba, ka daure, zai lafa. Ana yin wannan atisaye minti 10 sau biyu a rana lokacin da hankali ke kwance, kuma sakamako yakan ɗauki makonni. Tsarin Buteyko da na Papworth da masu koyar da numfashi ke bi duk a kan wannan tushe suke.

Wasu kuma sai su kama inhelar asma ba tare da an gwada huhunsu ba. Salbutamol, maganin da ke cikin irin wannan inhela, yana sa zuciya bugawa da sauri, hannu ya yi rawa, fargaba ta ƙaru. Amma mai asma ta gaskiya shi ma yana iya samun wannan matsala, don haka kada ya ajiye maganinsa sai likita ya ce. Numfashi a cikin jakar takarda kuwa, likitoci sun daina ba da wannan shawara, domin in ciwon zuciya ne ko na huhu zai iya yin illa.

Su ma na gida suna da nasu kuskuren. "Me ke damunka?" a duk ajiyar zuciya yana mayar da hankalin mutum kan numfashinsa, abin da ke ƙara tsananta shi. Cewa "ba komai ba ne" ma bai taimaka ba, don wahalar da yake sha ta gaske ce.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne yanke wa kai hukunci cewa damuwa ce kawai. Irin wannan sarƙewar takan zo ne a zaune, ta ɓace in mutum ya yi barci ko ya shagala da aiki, kuma ba ta hana shi hawa bene. In numfashi yana tayar da kai da dare, ko yana yankewa in ka kwanta ko ka ɗan yi tafiya, ko akwai kumburin ƙafa, tari da jini, ciwon ƙirji ko rama, to a je asibiti a duba zuciya da huhu, a kuma auna jini, tunda ƙarancinsa ma yana kawo haki.