Idan Git ya ƙi tura aikinka, kada ka yi saurin goge komai

A ɗakin da muke koyon rubuta manhaja a unguwar Nima ta Accra, babu ranar da wani ƙanena ba ya kirana: "Yaya, Git ɗina ya lalace." Git shi ne abin da ke ajiye tarihin duk gyaran da ka yi wa aikinka. In na je sai in tarar ko abin da ke kan allo bai karanta ba. Daga nan sauran kurakuran ke tasowa. Aikin da za ka tura GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git, wuri uku yake maƙalewa: ko a hanya, ko a bakin ƙofa, ko kuma kayan da ka ɗauko ne aka ƙi karɓa. Saƙon da ya fito shi zai nuna maka wanne ne.

In ka ga `Permission denied (publickey)`, ƙofa ce. Intanet ɗinka lafiya lau, mabuɗinka na SSH, wato shaidar da kwamfutarka ke nuna wa GitHub, shi ne ba a gane ba. Buga `ssh -T git@github.com`, in ya gaishe ka da sunanka to mabuɗin na aiki. In bai yi ba, ƙara `-v` ka ga wane mabuɗi kwamfutarka ke miƙawa. Mai amfani da HTTPS kuwa, wato ɗaya hanyar haɗuwa da GitHub, ya daina wahalar da kansa da kalmar sirri, GitHub ta daina karɓarta wajen tura aiki tun 13 ga Agusta, 2021. Token za ka ƙirƙira, wato lambar sirri ta musamman da za ka samo a GitHub ka sa a madadin kalmar sirrin.

In abin ya yi shiru har lokaci ya ƙare, hanya ce. Wasu ofisoshi da makarantu na toshe tasha (port) ta 22 da SSH ke bi, sai ka bi ta `ssh.github.com` a tasha ta 443.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne batun babban fayil. GitHub ba ta karɓar fayil da ya wuce MB 100. Wata ƙanwarmu daga Mamobi ta saka bidiyo cikin aikinta, aka ƙi karɓa. Ta goge bidiyon, ta sake ajiyewa, ta tura, aka sake ƙi. Haka ta yi ta yi har data ɗinta ta ƙare, ta zauna ta riƙe kai. Git ba ya mantuwa: bidiyon na nan cikin tarihin ajiyar baya, kuma tarihin ne kake turawa. In a ajiyar ƙarshe yake, `git rm --cached` da sunan fayil ɗin, sai `git commit --amend`. In ya yi nisa can baya, sai an tsefe tarihin da `git filter-repo`.

Sai kuma `non-fast-forward`. Galibi ma'anarsa abokin aikinka ya riga ka turawa. Don Allah kada ka kai hannu ga `--force`, guminsa za ka share. Jawo nasa tukuna da `git pull --rebase`, ka sasanta inda kuka ci karo, sannan ka tura.

Mu nan kuma akwai dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki. In wuta ta ɗauke Git na tsakiyar aiki, yakan bar fayil mai suna `index.lock` cikin ɓoyayyar jakar `.git`, ya hana ka motsi. Mutane da yawa a nan ne suke goge jakar aikin duka su sake saukowa, abin da ba su tura ba ya tafi ke nan. Tabbatar babu wani aikin Git da ke gudana, goge wannan fayil ɗin kaɗai, sannan ka buga `git fsck` ka ga ko wani abu ya taɓu.