Darasi na Bakwai: Idan Mota Ta Yi Zafi

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato ko Maiduguri yakan wuce digiri 40. Lokacin ne za ka ga motoci a gefen titi, bonet a buɗe, tururi na tashi. Direbobi kan ce mota ta yi obahitin.

Inji mai yake ƙonawa, dole ya yi zafi. Ruwa ne ke zagayawa cikinsa yana kwashe zafin. Famfon ruwa ya tura shi ta tiyo zuwa lagireto, iska da fanka su huce shi, ya koma. Lafiyayyen inji yana aiki a wajen digiri 90, allurar zafi tana tsakiya ko ƙasa kaɗan.

Da ka ga allura ta doshi ja, ka sauka gefe ka kashe mota. Kada ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa gari. Kada kuma ka taɓa murfin lagireto. Ruwan tukunya yana tafasa a digiri 100, amma na lagireto a matse yake, yakan kai 120 bai tafasa ba. Kana murɗa murfin zai yi tsartuwa ya sale maka hannu da fuska. Jira aƙalla minti 30. Sannan ka ɗora tsumma mai kauri, ka murɗa kaɗan, ka bari hucin ya gama fita kafin ka cire. Sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi yana iya tsaga ƙarfe.

Ya huce? To, sai bincike. Leƙa ƙarƙashin mota ko ruwa na ɗiga. Matsa tiyo da hannu, in ya yi laushi tuɓus ko ya tsattsage, ya gaji. Duba robar murfi. Duba fambel, wato bel ɗin da ke juya fanka ko famfon ruwa, ko ya saki. Dubi fuskar lagireto, don ƙurar hunturu da leda da ƙwari sukan toshe ta.

Inda zafin ke kama motar ma yana ba da labari. In sai a cunkoso take zafi, da an hau babban titi ta huce, fanka za ka fara zargi, ko fis ɗinta. In kuwa sai ana gudu ko hawan tudu, sau da yawa lagireto ne ya toshe ta ciki. Ruwan rijiya da na burtsatse su ke jawo wannan. Ka ga farin dattin da ke kama cikin butar shayi? Haka yake kama lagireto, ga tsatsa. Kulan, wato ruwan musamman da ake sayarwa don lagireto, ya fi, ko da yake da tsada.

Wasu makanikai da sun ji obahitin sai su cire tamostat su yar, su haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Ni dai ban yarda da wannan ba. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa idan ruwa ya yi zafi. In ta maƙale, sabuwa za a saka. In aka cire ta, inji ya daɗe bai ɗau ɗumi ba da safe, ya riƙa shan mai, ainihin ciwon kuma yana nan.

Zaro sandar gwada baƙin mai. In man ya koma kalar shayi da madara, ko farin hayaƙi na fita ta salansa ruwa kuma na raguwa, alama ce gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Wannan sai gareji, kuma janye motar za a yi.

Aikin gida: gobe da safe, kafin a tayar da mota, buɗe bonet ka nuna lagireto, tiyo biyu, fanka da fambel. Rubuta sunayensu a littafinka.