Yadda Ake Shiga Aikin Bin Diddigin Kuɗin Ma'adinai

Yawancin matasan da ke sha'awar wannan aiki, da neman gurbi a ƙungiyoyin sa ido kan kuɗin gwamnati irin su CISLAC ko BudgIT suke farawa, hannu rabbana. Ai kuwa mai ɗaukar aiki tambayarka zai yi, wane kuɗi ka taɓa bi har ka gano inda ya shige? Samo amsar tukuna.

Da farko, sauke rahoton NEITI, hukumar Najeriya da dokar 2007 ta ɗora wa binciken kuɗin mai da ma'adinai. Kyauta ne, data kawai za ka kashe. Bar na man fetur, girmansa zai kashe maka gwiwa. Ɗauki na ma'adinan ƙasa, ka nemi inda aka jera abin da kamfani ya ce ya biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa. Zaɓi kamfani ɗaya da ke haƙa a jiharka.

Na biyu shi ne wasiƙar neman bayani daga hukumar gwamnati, kuma nan na ga mutane suna faɗuwa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ba kuma sai ka faɗi dalilinka ba. Amma sai yaro ya rubuta yana neman "duk bayanan zinariyar Zamfara". Wa zai amsa wannan? Faɗi sunan kamfanin, da lambar lasisin da ofishin rajistar ma'adinai na Abuja ya ba shi, da shekarar, da takarda guda da kake so. Kada ka sa zargi ko kalma ɗaya. Da ma'aikaci ya ji ƙamshin tuhuma wasiƙar ta kwanta a durowa. Kai ta da kanka, kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Idan an yi shiru, wannan hatimin ne hujjarka a kotu.

Na uku, je ƙauyen da ake haƙar. Doka ta wajabta wa kamfani yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya soma aiki. Gaida mai gari, ka roƙi ganin ta, ka duba ko rijiyar burtsatsen da aka rubuta tana nan. Irin wannan bibiyar ce ƙungiyar bin diddigin kuɗin gwamnati ta Follow The Money ta fara da ita a ƙauyen Bagega a 2012, bayan gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara.

Saura ka koyi Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ka rubuta abin da ka gano a shafi biyu, ka kai gidan rediyo, sannan ka haɗa shi da takardar neman aikinka. Idan a Nijar kake, nemi ƙungiyar ROTAB, mai irin wannan aikin a can.