Yadda na gyara ekstenshin mai ɗaukar zafi

Kwana uku ekstenshin ɗin ɗakin guga yana ƙaurin roba, kan filoginsa kuma ba ya taɓuwa don zafi da zarar an jona dutsen guga. Na zaci ƙarfin wutar NEPA ne. Na canza fis, na koma wata soket ta bango, duk a banza.

Da na cire shi daga bango na kwance murfin filogin, sai ga matsalar: sukurun da ke riƙe da waya mai ruwan ƙasa, wato mai ɗauke da wuta, ya saki. Silin tagullar sun yi baƙi ƙirin, robar gefen ta narke. Haɗin da bai ɗauru ba shi ke haifar da zafi, kuma fis ba ya tsinkewa a kan wannan, tunda wutar da ke wucewa ba ta haura amp 13 ba.

Na yar da filogin, don wanda ya ƙone ba a sake amfani da shi. Na yanke santimita 5 na wayar har tagulla mai sheƙi ta bayyana, na feƙe kowace daga cikin wayoyi ukun da ke ciki, na murɗe silin. A sabon filogi, mai ruwan ƙasa ta tafi wurin da aka rubuta L gefen fis, shuɗiya wurin N, mai kore da rawaya wurin E, ita na bari ta fi tsawo. Na ɗaure sukurori tamau, maƙallin ya danne rigar waje ta wayar.

Na yi guga minti 20, filogin bai ko yi ɗumi ba. Alhamdulillahi. Hita kuwa, da ita ma nake jonawa a ekstenshin ɗin, na mayar da ita soket ɗin bango, don ekstenshin mai amp 13 a kan volt 230 iyakarsa kusan wat 3,000.