Yadda ɗalibin musaya zai yi abokai ya kuma fita dare lafiya a Budapest

Ɗalibin da ya zo Budapest, babban birnin ƙasar Hangari, don yin zango ɗaya ko biyu na karatu ba shi da lokacin jira zumunci ya zo ya same shi a ɗaki. Ko ta shirin Erasmus na musayar ɗalibai a Turai da aka fara a 1987 ya zo, ko ta tallafin Stipendium Hungaricum da ke kawo ɗalibai daga ƙasashe da dama har da Najeriya, makonni uku na farko su ne ke yanke hukunci kan yadda sauran zamansa zai kasance, domin a lokacin ne kowa baƙo ne, kowa kuma yana neman wanda zai yi wa magana.

Mataki na farko shi ne kada a tsallake makon tarbar sababbin ɗalibai. Manyan jami'o'in birnin, irin su ELTE da Corvinus da BME, suna da rassan ƙungiyar ESN mai taimaka wa ɗaliban musaya, wadda ɗalibai 'yan sa kai ke tafiyar da ita, kuma su ne ke shirya zagayen gari da liyafar cin abinci inda kowa ke kawo girkin ƙasarsa. A nemi a haɗa mutum da ɗalibi ɗan gari da zai riƙa yi masa jagora, a kuma shiga zauren WhatsApp na sababbin zuwa tun ranar farko. Wanda ya iya dafa-duka ko miyar gyaɗa ya riƙe wannan da muhimmanci, don tukunya ɗaya a kicin ɗin masaukin ɗalibai ta fi gaisuwa goma tara mutane.

Na biyu, a san hanyar komawa gida kafin a san wurin zuwa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana daina aiki kusan tsakar dare, amma taragon lantarki mai lamba 6, wanda ke bin babban titin da ya kewaye tsakiyar Pest, wato ɓangaren birnin da ke gabashin kogin Danub, yana aiki har gari ya waye, haka ma motocin safa na dare waɗanda lambobinsu ke farawa da 9. A sauke manhajar BudapestGO, a sayi tikitin wata na ɗalibai da zarar an karɓi katin makaranta, a riƙa yawo da katin tare da tikitin, saboda masu bincike suna shiga mota ba zato ba tsammani, kuma ba sa sauraron uzurin baƙunta. Idan tasi ake so, a kira ta ta manhaja, kada a tsayar da wadda ke fake a bakin gidan rawa. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Na uku, a fahimci yadda daren birnin yake. Cibiyarsa ita ce gunduma ta 7, tsohuwar unguwar Yahudawa, inda aka mayar da tsofaffin gidajen da aka yi watsi da su wuraren zama da kiɗa. Mafi shahara shi ne Szimpla Kert da ke titin Kazinczy, wanda a cikinsa za a tarar da kujeru babu biyu masu kama da juna, bango cike da rubuce-rubucen baƙi, har da tsohuwar mota da aka mayar wurin zama. Ba sai an ɓoye ba, giya ce kan gaba a irin waɗannan wurare, kuma nan ne ɗalibin da ba ya sha yake shiga ruɗani, ko dai ya ƙi fita gaba ɗaya ya zauna cikin kaɗaici, ko ya bi ayari ya yi abin da zai dame shi daga baya. A ganina duka biyun ba dole ba ne. A faɗa tun farko, sau ɗaya kuma ba tare da dogon bayani ba, cewa ba a sha, sannan a nemi lemon da suke haɗawa da 'ya'yan itace da ƙanƙara, wanda ake samu kusan ko'ina. Galibin ɗaliban Turai ba sa sake tambaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga wurin ba sam, yana da zaɓi mai yawa: zama a gaɓar kogin Danub ana kallon fitilun ginin majalisar dokoki, tafiya a tsibirin Margit, gidajen shayi, ko hawa tudun Gellért bayan magariba. Shi kansa Szimpla, da safiyar Lahadi kasuwar manoma ce ake ci a cikinsa, da zuma da cuku da burodi.

Na huɗu, a kula da kuɗi. Kuɗin ƙasar forint ne, ba yuro ba, kuma yawan sifirin da ke jikinsa yakan sa baƙo ya kasa gane ko abu ya yi tsada. A duba takardar lissafi ko an riga an saka ladan hidima kafin a ƙara wani abu. Akwai wata al'ada da ke kama baƙi: idan aka miƙa wa ma'aikacin gidan abinci kuɗi aka ce köszönöm, wato na gode, yana iya ɗauka an bar masa canjin ne, don haka a jira canji ya dawo kafin a yi godiya. A kuma yi hattara da baƙin fuska a kewayen titin Váci da ke gayyatar namiji zuwa wani wuri da su suka zaɓa, domin tsohuwar damfara ce da ke ƙarewa da lissafin da ya wuce hankali.

Na biyar, a fita a rukuni a dawo a rukuni, kada a bar kofi a tebur a tafi a dawo a sha, kada kuma a bar ɗaliba ta koma ita kaɗai don kawai ta ce babu komai. A rage murya a kan titi bayan ƙarfe 10 na dare, tunda saman waɗannan wuraren gidajen mutane ne.

Mataki na ƙarshe ya shafi sanyi. A watan Disamba duhu yana shiga tun wajen ƙarfe 4 na yamma, kuma a nan ne mutane da yawa ke naɗewa a bargo su daina amsa saƙo. A samo abu ɗaya tabbatacce na kowane mako tun kafin lokacin, ko ƙwallon ƙafa, ko ajin koyon harshen Hangari, ko sallar Juma'a a masallacin da ke titin Fehérvári, inda bayan an idar ake samun wanda zai nuna wa mutum shagon naman halal mafi kusa da masaukinsa.