Koyon sana'a ta hannun gwamnati: wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa?

Matasa da yawa suna ƙarar da takalmi a sakatariya saboda sun je ofishin da ba shi ne mai biyan buƙatarsu ba. Kafin ka fita daga gida, ka tantance abin da kake nema: koyon sana'a daga tushe, ko takardar shaidar sana'ar da ka riga ka iya, ko jari da kayan aiki. Kowanne da hukumarsa.

Wanda bai iya komai ba tukuna, ya fara da NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa. An kafa ta a 1986, zamanin da matsin SAP, tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, ya watsar da ma'aikata, kuma tana da ofis a kowace jiha da Abuja. Tsarinta mafi shahara bai bambanta da abin da muka gada ba: a damƙa ka ga maigida a cikin gari, tela ko mai walda ko bakanike, hukuma ta biya shi ladan koyarwa, kai kuma a ba ka ɗan alawus na mota. Ba kullum ake ɗiba ba, sai an buɗe zango, don haka ka riƙa leƙa ofishin kana sauraren rediyo. Ka tanadi lambar NIN, da BVN, da asusun banki mai sunanka, da hotuna fasfo, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, sannan ka yi kwafin kowace takarda, ainihin ta zauna a hannunka. Fom ba na sayarwa ba ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka, ka kama gabanka.

Wani abin da ke hana mutane alawus ƙaramin abu ne mai ban takaici, wato saɓanin suna. A NIN an rubuta Muhammad, a banki Mohammed. Ko A'isha a nan, Aishat a can, ko an sa sunan mahaifi a gaba a wata takardar. Kwamfuta ba ta san uzuri ba, tana ganin saɓani sai ta ajiye sunan gefe. Ka jera takardunka a tabarma ka bi su harafi bayan harafi, har da ranar haihuwa. Gyaran NIN a ofishin NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, ake yi, na BVN a bankinka, kuma dukansu suna cin lokaci, saboda haka a yi su tun kafin a buɗe rajista. Kada ka ba da asusun yayanka ko na mijinki. Layin wayar da ka rubuta a fom kuwa ka riƙe shi da kyau, ta nan saƙon tantancewa zai zo.

In an ba ka damar zaɓen wurin koyo, je ka gani da idonka da hantsi, lokacin da aiki ya kankama. Ƙirga kekunan ɗinki, ka ƙirga yaran shago. Keke uku da yara goma sha biyar, ka san guga da aike za ka sha. A shagon walda, duba ko akwai janareta mai iya ɗaukar injin, domin in wutar gari kaɗai aka dogara da ita, rabin zangon a zaman benci zai ƙare. Duba ko akwai gilashin kare ido, ko kuwa yara suna runtse ido ne kawai suna ɗiga wuta. Sannan ka tambayi maƙwabtan shagon yara nawa maigidan ya taɓa yayewa. In bayan makonni ba a bar ka ka taɓa kayan aiki ba, kai ƙara wurin jami'in da ke zagayen duba masu koyo, ka nemi a sauya maka wuri tun da sauran lokaci.

ITF, hukumar asusun horar da ma'aikata da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Jos, ta fi karkata ga masana'antu. Kamfanonin da doka ta hau kansu suna biya mata kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idarta zai iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya. Ma'aikacin masana'anta da ke Bompai ko Sharaɗa a Kano, ko Kakuri a Kaduna, yana da hujjar tunkarar ofishin ma'aikata ya nemi a tura shi horo. Ita ce kuma ke kula da SIWES, zaman koyon aiki na ɗaliban jami'a da kwalejojin kimiyya da fasaha. Ɗalibi ya riƙa cike littafin aikinsa kullum, mai kula da shi ya sa hannu duk mako. Littafin da aka cike a dare ɗaya da biro ɗaya, mai dubawa yana ganewa.

Inda muka fi yin asara shi ne wajen takardar shaida. Ga mutum ya shekara ashirin yana wayarin ko aikin famfo, hannunsa ya faɗa, amma ranar da kamfanin gini ko ma'aikatar gwamnati ta nemi takarda, sai a ɗauki wanda bai kai shi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce jarrabawar Trade Test ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na 3, sai na 2, sai na 1 wanda shi ne babba. Ka je ofishin ma'aikatar na jiharka da kanka, ka karɓi rasit na duk abin da ka biya, domin takardun bogi da dillalai ke sayarwa sun yi yawa. NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci da aka kafa a 1992, tana shirya jarrabawar NTC ta fasaha da NBC ta kasuwanci, kuma zangon Nuwamba da Disamba na masu zaman kansu ne. Wannan ta dace da mai son ci gaba da karatu. Sai NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna, mai kula da tsarin shaidar ƙwarewa na NSQ, inda ake auna abin da mutum ya iya a bakin aiki ko da bai taɓa zama a aji ba. Mai tantancewa zai tsaya kanka kana aiki, ya yi tambayoyi, ya duba hujjoji. Saboda haka fara tara su tun yau: hoton aiki kafin a fara da bayan an gama, rasitan kwastomomi, wasiƙar maigidan da ya yaye ka. Ka kula sosai da awo da kiyaye haɗari. Wanda ya saba da inci ya koyi karanta milimita a tef, mai wayarin kuma ya saba da kashe wuta ya gwada da testa kafin ya taɓa waya.

Jari kuwa, SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, da Bankin Masana'antu ne wuraren tambaya, kuma NDE kan ba wasu daga cikin waɗanda ta yaye kayan aiki. Da wuya a saurare ka a neman rance ba tare da rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba. Kafin ka sa hannu a kan kayan sallama, karanta takardar ka ji kyauta ne ko bashi. Buɗe kwalin a gaban jami'in, ka gwada injin, ka rubuta duk abin da babu a jikin takardar karɓa.