Yadda ake haɗa 'yar tankar T-34 a yi mata fenti ta fito kamar ta gaske

Kafin ka buɗe kwalin sassan robar da za ka haɗa 'yar tankar da su, ka tsai da shawara: wace tanka, ta wace shekara, a wane fagen daga? A nan yawancin masu farawa ke tuntuɓe. T-34 ta Tarayyar Sobiyet, wadda Mikhail Koshkin ya jagoranci ƙirarta a birnin Karkof, aka fara ƙera ta a 1940, ta yi ta sauya kama har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Ta farkon, igwarta milimita 76 ce, mutum huɗu ke aiki a cikinta. Mai igwa milimita 85 da ƙaton kai (wato ɗakin saman da ke juyawa da igwar) mai ɗaukar mutum uku, sai a 1944 ta shiga fage. In ka haɗa mai 85 ka ce ga tankar gumurzun Kursk na Yulin 1943, komai kyan fentinka, masu ido za su yi maka dariya. Samo hoton gaske na tanka guda ɗaya, ka kafa shi a gabanka har aiki ya ƙare.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1/35, wato kashi ɗaya cikin 35 na girman ta gaske, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yi fice da shi. Gangar jikin tankar mai kusan mita shida za ta fito wajen santimita 17, ta isa hannu ya riƙe, ido ya ga walda. Tanadi 'yar filaya mai yanka, wuƙa mai tsini, samfefa mai laushi, gam na roba mai ruwa-ruwa, poti, buroshi biyu ko uku, da tsinken sakace.

Da farko wanke sassan da ruwan sabulu don fitar da maiƙon masana'anta, su bushe. Wajen cire kowane sashe, yanka nesa kaɗan da jikinsa, sannan ka aske ragowar da wuƙa, ka goge da samfefa. Kada ka ɓalle da hannu. Gwada sassa biyu su zauna da juna babu gam tukuna. In sun zauna, ɗiga gam a bakin mahaɗa, shi zai bi tsagar da kansa. Sufa gulu kuwa a bar shi don sassan ƙarfe.

Bututun igwa galibi gida biyu yake zuwa. Layin da ya rage a tsakiya dole ya ɓace, don igwar gaske ba ta da shi: poti, samfefa, ka duba da haske, ka sake. Amma ka yi hattara da kan tankar. Na T-34 mai 85 zubin narkakken ƙarfe ne, fatarsa gurji-gurji, kuma yana da nasa layin zubi na asali wanda bai kamata a share ba. In robar ta yi sumul da yawa, shafa mata gam kaɗan, ka daddanna da bakin buroshi mai tauri, za ta yi kaushi.

Tayoyin ƙasa biyar-biyar ne a kowane gefe. Soka su a tsinke ka yi musu fenti daban. A 1942 ƙarancin roba ya sa wasu masana'antu suka fitar da tayoyin ƙarfe zalla, har ka ga tanka ɗaya da gaurayen iri biyu, to hotonka ne alƙali. Sarƙar da tankar ke tafiya a kanta kuma ƙwayoyinta bi-da-bi suke, mai ƙaho sai marar ƙaho, kuma a saman tayoyin take kwanciya, tunda babu ƙananan tayoyin da ke tallafe ta. Sarƙar da ta miƙe a iska kamar tsarkiyar baka ita ce ke fara tona asirin aikin gaggawa.

Sai fenti. Fesa shimfiɗar farko mai ruwan toka, siririya. Ita za ta nuna maka duk ramin da ka manta. Launin tankokin Sobiyet kore ne da ake kira 4BO, kuma kamfanonin fenti na sayar da shi da wannan suna. Ni dai ina ganin a ɗan sirka shi da rawaya, domin kore mai duhu a kan ƙaramin abu yakan haɗiye duk ƙananan siffofi. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. In lokacin hunturu ne, kifa kwali a kai da zarar ka gama, in ba haka ba ƙura za ta zauna a ɗanyen fenti.

Kafin manna lambobi, shafa ruwan sheƙi marar launi a wurin, don kada gefen sitikar ya yi fari-fari. Sojoji da hannu suke rubuta yawancin lambobin nan, saboda haka 'yar karkata ba laifi ba ce. Mai son tankar yaƙin Balin, babban birnin Jamus, na Afrilun 1945 ya zagaye kan da farin layi, alamar da aka sa don jiragen ƙawance su gane ta.

Tsufar da ita shi ne wurin daɗi, kuma wurin da ake wuce gona da iri. Tsinka fentin mai, ruwan ƙasa mai duhu, da tina har ya zama kamar shayi, ka taɓa shi a kusurwoyi da gefen ƙusoshi. Bayan 'yan mintuna ka share abin da ya malala. Tsoma guntun soso a fenti mai duhu, ka tsane shi a takarda, ka dangwala a bakin ƙofofi da inda takalma ke takawa. Tsatsa kuwa a yi mata rowa. Da yawan tankokin nan ba su daɗe a fagen daga ba har su yi tsatsa irin ta motar da aka yar a juji. Salansa biyun na baya da sarƙa sun ishe ta. Injin dizal ne, don haka baƙin hayaƙi a ƙasan salansa daidai ne. Kankare allin zane mai launin ƙasa, ka cusa garinsa a tayoyi da ƙasan jiki: ƙura in bazara ce, taɓo mai duhu in lokacin narkewar ƙanƙara ne.

Fesa ruwan kariya marar ƙyalli, ka bar shi ya kwana. Washegari goga bakin fensir a ƙahonin sarƙa da wuraren da take gugar ƙasa, don ƙarfen ya ɗan haska. In ka riga ka goga kafin feshin, hasken zai dushe.